Da a ce Turkawa sun ci Biyana da Rum: tambayoyi da amsoshi kan yaƙe-yaƙen Usmaniyya a ƙasashen Kiristocin Turai

Daular Usmaniyya da ake nufi a nan ita ce ta Turkawa mai hedkwata a Santambul, ba ta Sakkwato ba. Daga 1453, shekarar da Sultan Muhammadu al-Fatih ya ci Kustantiniyya, wato Santambul, zuwa 1699 da aka yi sulhun Karlowitz, rundunoninta sun yi ta kutsawa cikin Turai, har sau biyu suka yi wa Biyana, babban birnin Ostiriya, ƙawanya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu son tarihi suka fi yi a kan abin da zai faru da al'amura sun bi wata hanya.

Ya halatta ma Musulmi ya zauna yana cewa "da a ce"?

Da yawa sukan kawo hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, inda Annabi (SAW) ya hana wanda wani abu ya same shi ya ce da na yi kaza da kaza ya faru, domin kalmar tana buɗe aikin Shaiɗan. Malamai sun yi bayanin cewa hanin ya shafi mai takaici da ke jayayya da ƙaddara. Shi kansa Manzon Allah ya yi amfani da kalmar a hajjin bankwana, lokacin da ya ce da ya san abin da ya sani daga baya, da bai koro hadaya ba. Abin da ya faru a ƙofar Biyana Allah ne ya ƙaddara shi. Binciken sabubban da ya faru ta hanyarsu kuma ilimi ne, kuma ba a gane nauyin sababi sai an ɗauke shi a zuci an ga ko ginin zai tsaya.

Da Biyana ta faɗi a 1529, da Sultan Sulaiman ya wuce ya ci Jamus?

Ra'ayina shi ne a'a, kuma dalilin yana cikin kalanda.

Sulaiman al-Kanuni ya ci Belgared a 1521, ya karɓe tsibirin Rodas a 1522, sannan a ranar 29 ga Agusta 1526 ya ragargaza rundunar Hangari a filin Mohacs cikin 'yan sa'o'i, sarkinsu Luwis na Biyu ya mutu yana gudu. A fagen daga babu mai iya tsayawa gabansa a wancan zamani. Amma dubi tafiyar 1529. Ya bar Santambul ranar 10 ga Mayu, bai isa Biyana ba sai ƙarshen Satumba, wata huɗu da rabi ke nan a hanya. Shekarar ta zo da ruwa mai yawa, koguna suka cika, gadoji suka karye, raƙuman da ke ɗauke da kaya suka yi ta zamewa cikin taɓo suna karaya. Manyan igwogi masu rushe ganuwa dole aka bar su a baya. Da aka iso, sai aka dogara da masu haƙa rami a ƙarƙashin ganuwa su cusa albarushi. Mutanen gari, ƙarƙashin tsohon mayaƙi Niklas Salm, su ma suka riƙa haƙa nasu ramukan suna tarar su a ƙarƙashin ƙasa. Hari na ƙarshe ranar 14 ga Oktoba bai yi nasara ba, aka kwashe sansani, dusar ƙanƙara ta riski runduna a hanyar komawa. Duka ƙawanyar ba ta cika mako uku ba.

To a ɗauka ganuwar ta rushe a ranar. Sultan zai samu kansa a tsakiyar Oktoba cikin birnin da aka ƙone kewayensa, tazarar kusan kilomita 1,500 daga gida, da dubban dawaki da raƙuma da babu ciyawar da za su ci. Yadda sarakunan ƙasar Hausa a da suke fita yaƙi da rani su dawo kafin damina ta kankama, haka Turkawa suke fita da bazara, in ciyawa ta tsiro, su juyo kafin ƙarshen Oktoba. Iyakar abin da zai iya shi ne ya bar 'yan dubban dakaru a cikin birnin ya tafi. Badi kuma Charles na Biyar, babban sarkin Jamus da Sifaniya, da ƙanensa Ferdinand mai mulkin Ostiriya, 'yan gidan sarautar Habsburg, za su zo daga Bohemiya da kudancin Jamus, tafiyar 'yan kwanaki, alhali gudummawar Santambul sai ta shafe watanni. Sannan a 1529 Hangari ma ba ta zama lardin Usmaniyya ba. Buda, babban birninta, sai a 1541 aka naɗa mata gwamnan Usmaniyya. Wato bayan Biyana babu wani sansani na kusa da za a jingina da shi.

Shekarar 1532 ta ƙara tabbatar da haka. Sulaiman ya sake fitowa da runduna mai girma, sai wani ƙaramin gari mai suna Koszeg, da 'yan ɗaruruwan masu tsaro ƙarƙashin Nikola Jurisic, ya riƙe shi kusan dukan watan Agusta. Da aka gama da shi lokaci ya ƙure, bai ko ƙarasa Biyana ba.

Me ya hana su ajiye runduna ta yi hunturu a bakin iyaka, su faro yaƙin badi daga kusa?

Tsarin daular ne bai yarda ba. Mafi yawan barade, waɗanda ake kira sipahi, ba albashi ake ba su ba. Ƙauyuka ake ba kowane ya ci harajinsu, shi kuma ya fito da doki da makami da yaransa in an buga tambari. In bai koma gida da kaka ya tara abin da manoma suka biya ba, badi ba shi da abin fita yaƙi. Janisari, dakarun sarki masu bindiga, su kuma albashi suke ci, amma ba sa son nisa da barikinsu na Santambul, kuma sun iya bore. Sultan Salim na Ɗaya ya ɗanɗana wannan a 1514: ya ci Shah Isma'il a Chaldiran, ya shiga Tabriz, ya so ya yi hunturu a yankin, sojojinsa suka ƙi, dole ya juyo.

Ga kuma gabas. Safawiyawan Farisa suna nan a bayan daular, duk lokacin da sultan ya daɗe a Turai sai iyakar Anadolu ta motsa. Shi ya sa Sulaiman ya yi sulhu da Ferdinand a 1533, ya nufi gabas ya ci Bagadaza a 1534. Babbar runduna ɗaya ce, sultan ɗaya ne, fagagen yaƙi biyu ne, tsakaninsu tafiyar watanni. Wanda yake son ya ƙaga tarihin da Turkawa suka wuce Biyana, sai ya fara kawar da Farisa daga lissafi, kuma wannan babban sauyi ne da ya fi faɗuwar ganuwa ɗaya.

Ƙawanya ta biyu fa, ta 1683?

Wannan ta fi kusa da nasara nesa ba kusa ba. Babban Waziri Kara Mustafa Pasha ya iso ranar 14 ga Yuli, da sauran lokaci a gaba, kuma yanzu Buda tasu ce, tazarar kilomita 240 kacal. Sarki Leopold na Ostiriya ya tsere daga Biyana. Zuwa farkon Satumba masu haƙa rami sun tarwatsa ɓangarori na katangar tsaro kusa da fadar sarki, cutar atini da yunwa sun cinye mutanen Starhemberg, kwamandan garin. Kuskuren Waziri a bayyane yake: bai tsare tuddan dajin da ke arewa maso yammacin birnin ba, bai kuma hana rundunar ceto ƙetare kogin Danub ba. Ranar 12 ga Satumba sarkin Folan, Jan Sobieski, da sojojin Jamus da Ostiriya suka gangaro daga tudun Kahlenberg suka watsa sansanin. An shaƙe Kara Mustafa a Belgared ranar 25 ga Disamba bisa umarnin Sultan Muhammadu na Huɗu.

Da rundunar ceto ta makara da mako ɗaya ko biyu, ina ganin birnin zai faɗi. Sai dai Turai ta 1683 ba ta 1529 ba ce. Shekara 19 kafin nan, a Saint Gotthard a 1664, rundunar Kiristoci ta riga ta ci babbar rundunar Usmaniyya a fili. Turkawa da suka shiga Biyana za su wayi gari su ne a cikin rusasshiyar ganuwa, dubban mayaƙa na waje sun kewaye su. Wanda zai fi cin riba shi ne Luwis na 14 na Faransa, wanda bai aika ko soja ɗaya ba, ya riga ya haɗiye Strasbourg a 1681, yana jiran gidan Habsburg ya durƙushe.

Akwai wani "da a ce" da ya fi wannan amfani. An ruwaito cewa wasu manyan kwamandoji, har da gwamnan Buda da sarkin Tatar na Kirimiya, sun ba da shawarar a tsaya a ci sansanin Gyor, da ke tsakanin Buda da Biyana, tukuna, a bar Biyana sai badi. Da an bi wannan, da wuya Ostiriya da Folan da Benis, ƙasar 'yan kasuwar teku a arewacin Italiya, su ƙulla ƙawancen 1684, wanda Rasha ta shiga daga baya. Ƙawancen nan ne ya ƙwace Buda a 1686, ya karya rundunar sultan a Zenta a 1697, ya kai ga Karlowitz inda daular ta sallama mafi yawan Hangari. Haƙurin shekara ɗaya zai iya barin Hangari a hannunsu tsawon wani zamani.

In ba Biyana ba, a ina tarihi ya fi kusa da juyawa?

A Italiya, tsakanin 1480 da 1481. Wannan labari bai shahara ba, amma shi ya fi cancanta a tsaya a kansa.

A ƙarshen Yulin 1480 Gedik Ahmad Pasha ya ƙetaro daga Balona a gaɓar Albaniya ya sauka a Otranto, a dugadugan Italiya. Mashigin tekun bai kai kilomita 100 ba, tafiyar dare ɗaya in iska ta yi kyau. Garin ya faɗi ranar 11 ga Agusta. An yi kisa mai yawa, kuma cocin Katolika har yau tana tunawa da mutum 800 da ɗoriya da ta ce an sare kawunansu a wani tudu bayan gari. Tsoro ya kama Rum, mazaunin Fafaroma, har aka fara maganar Fafaroma Sixtus na Huɗu ya bar birnin. Italiya a lokacin ƙananan masarautu ce masu gaba da juna. Benis, wadda ita kaɗai take da jiragen da za su iya toshe mashigin, ta yi sulhu da sultan a 1479, ta naɗe hannu. Yarima Alfonso na Naples da rundunarsa suna can arewa a yankin Tuskani, inda yaƙi da Florence ya kai su.

Gedik Ahmad ya bar dakaru a Otranto ya koma Albaniya haɗo ƙarin runduna. Sai Muhammadu al-Fatih ya rasu ranar 3 ga Mayu 1481 yana da shekara 49, a farkon wata fita da ya ɓoye inda ta nufa. 'Ya'yansa Bayazid da Jem suka kama yaƙin gadon sarauta, aka kira Gedik Ahmad gida, waɗanda aka bari a Otranto suka miƙa wuya a Satumba. Jem da ya sha kaye ya gudu wurin mayaƙan Kiristoci masu riƙe da tsibirin Rodas a 1482, daga nan aka kai shi Faransa, a 1489 ya faɗa hannun Fafaroma. Bayazid ya riƙa biyan dubban zinare duk shekara don a ci gaba da tsare ɗan'uwansa, kuma muddin Jem yana raye hannun sultan a ɗaure yake, domin ko yaushe ana iya sako shi da runduna. Sai 1495 ya mutu.

Abin da ya sa nake ba wannan nauyi shi ne abin da ya biyo baya. A 1494 Charles na Takwas na Faransa ya shigo Italiya da igwoginsa, ya ratsa ta daga arewa har Naples cikin 'yan watanni, garuruwa suna buɗe masa ƙofa. Ganuwar Italiya a lokacin dogaye ne sirara na tsohon yayi, igwa tana rushe su cikin kwanaki. Sai bayan wannan wulaƙanci injiniyoyinsu suka ƙirƙiro gajerun katangu masu kauri da kusurwoyi kamar tauraro, irin waɗanda daga baya suka tsayar da Turkawa a Malta da Biyana. Da al-Fatih ya ƙara shekara goma, kuma ya zaɓi Italiya, da ya tarar da ita kafin wannan gyara, ga hanyar teku gajeriya, ga Safawiyawa ba su ma kafu ba sai 1501. Kudancin Italiya zai iya zama lardin Usmaniyya, Rum kuma tana iya faɗuwa ko Fafaroma ya yi hijira. Shi kansa al-Fatih yana kiran kansa Kaisar na Rum, kuma hadisin da ya ambaci Kustantiniyya da Rumiyya, wato birnin Rum, tare sananne ne a wurin malaman fadarsa. Riƙe Italiya wani zance ne daban, domin Faransa da Sifaniya duk suna da'awar Naples, kuma ba za su zuba ido ba.

Malta da Lepanto fa?

Ƙawanyar da Turkawa suka yi wa tsibirin Malta, kudu da Sisili, a 1565 ta fi yaƙin teku na Lepanto muhimmanci. An zaci ƙaramin sansanin Saint Elmo zai faɗi cikin kwanaki, sai ya cinye wata guda da dubban rayuka, har da babban jarumin teku Turgut Reis. Da tsibirin ya faɗi, Sisili za ta kwana da tashar jiragen Usmaniyya a ƙofarta.

Lepanto kuwa, ranar 7 ga Oktoba 1571, ƙawancen jiragen Kiristoci ya ci Turkawa, suka yi asarar jirage kusan 200, amma cikin hunturu ɗaya aka sassaƙa sababbi. Benis ta sallama Kubrus a 1573, Turkawa suka ƙwace Tunis a 1574. Da su ne suka yi nasara a Lepanto, sakamakon ba zai bambanta sosai ba, saboda jiragen zamanin na masu tuƙi da hannu ne, kowanne cike da ɗaruruwan mutane masu buƙatar ruwan sha kullum, ba sa nisa da tasha, ba sa fita da hunturu.

Me ya sa ba su ceci Musulmin Andalus ba?

Tambaya ce mai ciwo. Lokacin da Garnata, masarautar Musulmi ta ƙarshe a Sifaniya, ta faɗi a 1492 Jem yana hannun Fafaroma, jiragen yaƙin daular kuma ba su yi ƙarfin da za su kai runduna ƙarshen Bahar Rum ba. Abin da aka iya shi ne kwasar masu gudun hijira zuwa Arewacin Afirka, aikin da Khairuddin Barbarossa da mutanensa na Aljeriya suka yi daga baya. Dama ta gaske ta zo a 1568, da Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci suka yi tawaye a duwatsun Alpujarras suka nemi taimako. 'Yan sa-kai da makamai sun zo daga Aljeriya, amma fada ta zaɓi Kubrus, wadda take kusa da gida, mai kuma kawo haraji. An murƙushe tawayen a 1571, a 1609 aka fara korar su gaba ɗaya, mutum kusan 300,000. A ganina an fifita maslahar daula a kan kukan 'yan'uwa. Sai dai ko da an aika jirage, abin da za su iya shi ne tsawaita tawayen da kwaso mutane da yawa, dawo da mulkin Andalus ya fi ƙarfinsu.

Da an ci waɗannan garuruwa, da Turai ta musulunta?

Ƙasashen da aka ci da gaske su ne amsa. Girka da Bulgeriya da Sabiya sun yi ƙarnoni ƙarƙashin sultan, suka fito mafi yawansu Kiristoci. Tsakiyar Hangari ta yi shekara 145, 'yan ƙasa kaɗan ne suka musulunta. Bosniya da Albaniya ne inda jama'a da yawa suka karɓi Musulunci, shi ma a hankali cikin tsararraki. Daular ba ta da manufar musuluntar da talakawa, jizyar da suke biya babban ginshiƙi ce a baitulmali. Al-Fatih da kansa ya naɗa shugaban cocin Orthodox, Gennadios, a 1454, kuma a 1557 aka farfaɗo da shugabancin cocin Sabiyawa a Pec, aka ɗora wani dangin Sokollu Muhammad Pasha, wanda shi ma ɗan Kiristoci ne da aka ɗauko yana yaro. Da Biyana ta faɗi, babbar cocinta za ta zama masallacin Juma'a kamar yadda aka yi a Kustantiniyya da Buda, za a ga dakaru da alƙali da 'yan kasuwa Musulmi a cikin gari, ƙauyuka kuma su ci gaba da zuwa coci.

Adalci ne a faɗi ɗaya gefen. Ɗaukar yaran Kiristoci daga hannun iyayensu don a mai da su Janisari abu ne da ba ya da madogara mai ƙarfi a shari'a. Mahara da ke gaban runduna, da Tatar na Kirimiya, suna ƙone ƙauyuka su kwashi mutane zuwa kasuwannin bayi irin ta Kaffa. Filayen Hangari da yaƙi ya yi ta bi ta kansu sun zama kufai. Duk sabon lardi da mai hasashe ya ƙara a taswira, akwai manoman da za su biya shi da gidajensu da 'ya'yansu.

Ashe ba dukan Kiristoci ne suka haɗa kai a kansu ba?

Ko kusa. Faransa ta ƙulla ƙawance da Sulaiman don ta karya gidan Habsburg, har jiragen Barbarossa suka yi hunturun 1543 zuwa 1544 a tashar Toulon. Ingila ta Elizabeth ta Ɗaya ta samu yarjejeniyar ciniki daga Murad na Uku a 1580. 'Yan Furotesta na Jamus, Kiristocin da suka ɓalle daga cocin Katolika, sun amfana ƙwarai, domin duk lokacin da Charles na Biyar ya so ya murƙushe su sai buƙatar sojojinsu ta taso; a 1532 ya yi musu sassauci a Nuremberg don su taimaka masa a kan Sulaiman. A Hangari ma, ɗariƙar Calvin, wani reshe na Furotesta, ta fi sakewa a yankunan da ke ƙarƙashin inuwar sultan, kuma Imre Thokoly, jagoran Furotesta da suka gaji da zaluncin Habsburg, yana gefen Turkawa a 1683. Saboda haka rushewar Ostiriya za ta fi haifar da Turai mai ƙarfin Furotesta da Faransa mai faɗi.

Da nasarar Turkawa ta hana Turawa zuwa mulkin mallaka a ƙasashenmu?

Alaƙa ta gaske da yankinmu ta bi ta Tarabulus, wadda Turkawa suka ƙwace a 1551, sannan suka miƙa hannu zuwa Fezan. Mai Idris Aloma na Borno ya aika jakadu wurin Murad na Uku a shekarun 1570, kuma limaminsa Ahmad bin Furtuwa ya rubuta cewa akwai Turkawa 'yan bindiga a rundunarsa. Da daular ta samu Biyana ko Naples, hankalinta da dukiyarta za su ƙara karkata arewa ne, Sahara ta ƙara zama bayan gida.

Waɗanda suka zo mana kuma ta Tekun Atlantika suka zo, inda jiragen Usmaniyya ba su da iko. Fotugal ta gina sansaninta na Elmina a gaɓar Ghana ta yau a 1482, shekara ɗaya bayan rasuwar al-Fatih. Kolumbus ya ƙetara a 1492, Vasco da Gama ya isa Indiya a 1498. Turkawa sun gwada tarar Fotugal a Diu, a gaɓar Indiya, a 1538 ba su yi nasara ba. Ostiriya da Hangari da Folan da Benis, waɗanda suka sha yaƙin sultan, babu ɗayansu da ta mallaki ko taki ɗaya a Afirka ta Yamma. Ingila da Faransa, waɗanda suka raba ƙasar Hausa da mafi yawan Borno tsakaninsu a farkon ƙarni na 20, su ne abokan cinikin Santambul da ƙawayenta a wancan zamani, kuma raunin gidan Habsburg ƙarfi zai ƙara musu.